Shayin Gwaggo da Igiya ta Huɗu

Duk danginmu babu mai sauraren jikinsa kamar taubashina, ɗan Gwaggo, wanda nake kira Direban Sama. Zai kwashi fasinja ya ratsa hadari da su ko gezau, amma ya yi atishawa ɗaya sai ya tsaya cak yana kasa kunne, kamar makanike a gaban inji.

Tare muka shiga makaranta. Ni na sauka a hanya, shi ya zarce har gajimare. Tun muna yara, ana tsakiyar ƙwallo zai fita shan ruwa, a ci mu biyu kafin ya dawo. Yanzu abin ya zama sana'a. Barcinsa awa takwas ne, ko gobara ake sai ya cika su. Ƙwayar ciwon kai ba ya haɗiya sai ya kira likitan kamfaninsu. Wai abin da jiki ya ɓoye a ƙasa, a sama yake tona asiri, kuma mai gajiya shi ne na ƙarshen sanin ya gaji. Na ce ni kam kullum ina riga kowa sani.

Shekara goma sha ɗaya yana mataimaki, igiya uku a kafaɗa. Sai ga ranar gwajin ƙarshe na zama kyaftin: zai tuƙa jirgi cike da fasinja, mai jarrabawa na zaune a bayansa. Wanda ranarsa ta kuɓuce, sai ya jira wata huɗu. Ni zan kai shi filin jirgi, muka biya ta wajen Gwaggo da safe ta sa masa albarka.

Muna zama a falo ya yi atishawa.

"Mura ce," in ji Gwaggo.

"Turarenki ne, Inna."

Ta shige kicin ta dawo da shayi. Ya kurɓa ya ce da ɗan ɗaci, ta ce ganye ne ya yi yawa. Ya shanye tas, don kofin Gwaggo ba ya komawa da saura.

Yana ɗaura takalmi ta jawo ni gefe ta yi mini raɗa. Raɗar Gwaggo kuwa har maƙwabta sukan amsa.

"Na daka masa maganin murata guda biyu a ciki. Da na tambaye shi sai ya kira likita."

Direban Sama ya ɗago a hankali. "Inna, kawo kwalin."

Ya juya shi ya karanta mata: yana sa barci, wanda ya sha kada ya tuƙa mota.

"To ai mota suka ce," in ji Gwaggo.

Na ga igiya na shirin tsinkewa, na kawo tawa gudummawar. "Wa ya sani ban da mu uku? Wanke fuska, kora da kofi. Ba an ce na'ura ce ke tuƙin ba, ku kuna shan iska?"

"Zo mu je tare, in sama maka kujera."

"Ni ina da uzuri yau."

Ya ɗauki waya ya kira ofishinsu. Murya ko rawa babu, ya ce bai cancanci tashi ba yau, ya faɗi sunan maganin da ƙarfe nawa ya sha. Aka ce za a sa wani, gwaji kuma sai bayan wata huɗu. Ya ce ya gode, ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

Gwaggo ta yi ta faɗa. Ita da take shan maganin nan ta share gida ta yi wanki, me ya taɓa yi mata? Shi dai haƙuri yake ba ta, sai ka ce shi ya daka.

Ƙarfe sha ɗaya, daidai lokacin da zai sauke jirgi, Direban Sama ya bingire a kujera, baki buɗe, minsharinsa na kaɗa labule. Na kira shi sau uku, na ja masa babban yatsa, ko motsi. Gwaggo ta tsaya a kansa, ta dubi agogon bango.

"Mutum nawa ke cikin jirgin?"

"Ɗari da tamanin, ban da jarirai," na ce.

Ta sake dubansa. Sannan ta ɗauko mayafinta ta lulluɓe shi, ta ce in rage murya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura masa igiyar. Duk inda na zauna ina faɗa wa mutane ni na hana shi tashi ranar, shi kuma bai taɓa ƙaryata ni a gabansu ba.