Sun Ɗauki Hoton Baba, Sun Bar Halinsa

A watan nan mahaifina, Malam Hamisu Tela na Yakasai, yake cika shekara ashirin da biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in ja bakina in yi shiru, kamar yadda na saba kowace shekara. Bana na kasa. Raina a ɓace yake, kuma gara in faɗi dalili.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba tela ne, kuma ɗan siyasa tun zamanin Turawa. Karatun allo ya yi, bokonsa kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne. Tun yana saurayi ya shiga sahun masu cewa Bature ya tattara ya tafi, kuma in ya tafi kada a bar talaka a hannun wanda zai ci gaba da danne shi. Wannan magana ta biyu ita ta fi jawo masa wahala. An ɗaure shi tun kafin a haife ni. Innarmu ta ce laifinsa shi ne ya hau benci a bakin kasuwa ya yi lacca ba izini. Aka yi masa bulala a bainar jama'a, ya yi watanni a gidan yari, ya fito da ciwon bayan da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Kafin tabon ya gama warkewa ya sake hawa benci.

Ni da na taso, shagonsa na tarar ya zama majalisa. Keke na ƙara, dattawa na gardama, rediyo na ta zuba. Baba ba ya wasa da labaran duniya, kuma akwai wata ƙasa da yake bibiya kamar garinsu, wato Ailan. Abin yana ɗaure masa kai: Turawa ne su ma, amma Ingila ta mulke su kamar yadda ta mulke mu, kuma suna da nasu 'yan gwagwarmayar da ake kullewa. Yakan ce wa abokansa mai mulkin mallaka ba fata yake dubawa ba, rauni yake dubawa.

Da soja suka mayar da mulki ga farar hula, mutanen unguwa suka matsa masa ya tsaya takarar majalisar jiha, ya kuwa ci. Lokacin ina kwalejin horon malamai. Ba mu tashi daga gidanmu na ƙasa ba, shagon ma bai rufe shi ba. Abin da ya raba shi da kujerar ya faru ne ana shirin zaɓe na gaba. Samarin jam'iyyarsu da na jam'iyyar hamayya suka yi arangama wajen Ƙofar Na'isa, aka kashe wani ɗan dako da ya zo ci-rani daga ƙauye. Mutumin ba ya kowace jam'iyya. Buhun gero ne a kansa, ya faɗa tsakiya. Kowa a unguwa ya san wuƙar daga ɓangaren su Baba ta fito.

Manyan jam'iyya suka ce a ɗora wa 'yan hamayya. Baba ya ƙi. Ya bi gawar har ƙauyensu, ya durƙusa gaban mahaifin mamacin ya faɗa masa gaskiya. Da ya dawo bai tsaya gida ba, ya wuce unguwar Soron Ɗinki, gidan jagoran 'yan hamayya na yankinmu, mutumin da yake cikin waɗanda suka ba da shaida a kansa aka ɗaure shi. Suka zauna a zaure da rana tsaka, jama'a na leƙe. Suka yi alkawari duk wanda ya ga yaronsa da makami, shi da kansa zai miƙa shi ga hukuma. Baba ne ya fara cikawa, da yaron da ya yi kisan.

Abokan gwagwarmayarsa ba su yafe masa ba. Malam Garba Dogo, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a gidan yari, ya zo har shago. Na kawo abincin rana ke nan, ina tsaye.

“Hamisu, ka sayar da bulalar da muka sha,” in ji shi.

Baba ya tsayar da keke ya ce, “Garba, don irin wannan ɗan dakon muka sha ta. In mu ne za mu kashe shi, to me muka yi?”

Malam Garba ya fita, bai sake taka shagon ba. Jam'iyya ta hana Baba takara. Da idona na ga yara na bin sa a lungu suna kiransa maci amana, na ga masu kawo ɗinki sun janye ɗaya bayan ɗaya. Innarmu ta sha kuka a ɗaki. Amma an daɗe ba a zubar da jini ba tsakanin unguwannin nan saboda zaɓe, kuma waɗanda suka zage shi sun ci gajiyar wannan zaman lafiya kamar kowa.

Kusa da ƙarshen rayuwarsa ya ji a rediyo cewa 'yan gwagwarmayar Ailan ɗin nan sun yarda su ajiye makami, sun zauna da abokan gabarsu, kuma wasu tsofaffin abokan tafiyarsu na cewa sun ci amana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe ko'ina haka abin yake.

Yanzu ga abin da ya hana ni yin shiru. Ƙanena Nasiru, autan gidanmu, ya shiga siyasa. Ban hana shi ba, har albarka na sa masa. Sai na wayi gari na ga bangon unguwa cike da fastocinsa, hoton Baba a sama, ya fi nasa girma, an rubuta wai magajin gwagwarmaya. Taron addu'ar da muke yi a zaure da 'yan makusanta ya koma na rumfa da lasifika da masu ɗaukar hoto. Waɗanda ke zama a sahun gaba, da yawansu 'ya'yan mutanen da suka hana Baba takara ne. Wannan duk na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne samarin da ke bin motar Nasiru da gora da adda, idanu jajur.

Watan jiya suka yi karo da yaran wani ɗan takara a bakin titi. Aka sari Auwalu, ɗan maƙwabciyarmu Malama Rabi, wanda ke tura baron lemo. Likita ya ce hannun ba zai koma daidai ba. Yana da mata da jariri.

Na aika aka kira mini Nasiru. Ya zo, ya gaishe ni da ladabi, ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Yaya, siyasar Baba ta wuce. Yau in ba ka da yara, akwatin zaɓen ma ba za ka gani ba.” Na ce to ya zaɓi ɗaya: ko ya sallami yaran ya faɗi wanda ya yi saran, ko ya sauke hoton Baba. Ya ce zai duba. Abin da ya biyo baya shi ne buhun shinkafa a ƙofar Malama Rabi, da sababbin fastoci a bangon gidanta.

Ina tambayar kaina me Baba zai ce da yana raye. Ba na jin zai yi dogon bayani. Takalmi zai sa ya shiga gidan Malama Rabi, in ya fito ya kama hannun ɗansa Nasiru ya kai shi gaban hukuma. Ba cewa nake yi waliyyi ne ba. Yana da zafin zuciya da taurin kai, kuma mu iyalinsa mun ji jiki a kan abubuwan da ya zaɓa ba tare da ya shawarce mu ba. Amma bai taɓa auna ran talaka da kujera ba.

Me ya rage daga gare shi? Ba titi da sunansa, ba makaranta, shagon ma an mai da shi wurin cajin waya. Akwai 'yan tsofaffi da suka san abin da ya yi, kuma suna ƙarewa. Abin da na tabbatar ya rage shi ne wannan: a unguwar nan an taɓa yin ɗan siyasar da aka ba shi zaɓi tsakanin gaskiya da kujera, ya ɗauki gaskiya. Duk wanda ya ce mini ba ya yiwuwa, ni na gani.

Bana ba zan je rumfar ba. Zan yi addu'ata a ɗaki, in je in duba hannun Auwalu. Nasiru ƙanena ne, ina sonsa, ƙofata kuma a buɗe take. Amma mamaci ba ya iya sauke hotonsa daga bango, ba ya iya cewa a'a. Saboda haka ni 'yarsa nake faɗa a madadinsa: duk wanda ya ga fuskar Malam Hamisu Tela a saman fastar nan, ya sani ba da yardarsa aka liƙa ta ba.