Asabar Ɗin Da Aka Kamo Daavi Sefako

Ku in kifinku ya tashi da safe yana iyo ciki sama, wa za ku fara kora, kifin ko tsofaffin da ke zaune bakin ruwan? To Daavi Sefako ƙanwar babata ita ba ta kori kowa ba, ku tsaya ku ji.

Ita dai shekara ashirin tana sayar da kenke, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyar karfasa a tashar kwale-kwale ta ƙauyenmu nan bakin kogin Volta, muryarta ana ji daga tsallake. Mijinta kafin ya rasu ya haƙa ramin ɗiban ƙasar bulo zai gina mata gida, ya yi ta haƙa ya yi ta haƙa, gida bai tashi ba sai ramin ne ya girma. Damina ta cika shi, Daavi ta leƙa ta ce to ga gadona, ta zuba 'ya'yan kifi. Daga baya ta gina ƙaramin kandami na siminti can bayan kicin inda take rainon ƙananan kafin ta juye su a babban.

Sai tsofaffi shida 'yan fansho suka gano wurin. Nan garinmu duk Asabar biso ne, wato jana'iza, mutum ya sa baƙin zane ya zauna cikin rumfa tun safe har yamma, su kuma sun gaji da zuwa binne abokai, sai suka ce wa matansu ai sun kafa ƙungiyar fatsa. Dokarsu ɗaya: ka kama, a ɗora a sikeli, a mayar ruwa. Efo Gameli tsohon hedimasta shi ke riƙe da sikelin. Efo Tsatsu kuwa tsohon mai raba wasiƙu, shekara tara yana zuwa, abu mafi girma da ya taɓa kamowa kwaɗo ne, shi ma kwaɗon kamar tausayinsa ya ji.

Ranar wata Talata kifi suka fara juyi kamar sun sha giya, ido ya fito, ciki ya kumbura. Laraba talatin sun mutu. Alhamis malamin kifi na gwamnati ya iso a babur, wani siriri mai suna Amenyo, ya duba ya toshe hanci ya ce, "Daavi, sai haƙuri. A kwashe su duka a binne, a zubar da ruwan a gona ba a kogi ba, a barbaɗa farar ƙasa, rana ta gasa ramin sati shida. Zare da ƙugiyar da suka taɓa ruwan nan a ƙone. Ƙananan da ke bayan kicin lafiyarsu ƙalau, amma ɗigon ruwan nan ɗaya ya shiga can kin gama kiwon kifi."

"Tsofaffina fa?"

"Su je gida su yi jinyar gwiwa."

Daavi ta san su fiye da shi. In ta rufe ƙofa ba gida za su je ba, za su bi tafkunan maƙwabta da tsoffin zarensu su raba wa kowa ciwon, ko su zagaya bayan kicin su jefa a kandamin ƙananan, waɗanda su kaɗai suka rage mata a duniya. Gara suna inda idonta ke kansu.

Asabar suka zo da kujerunsu suka tarar da rami fari fat ba ko ɗigon ruwa, da baho a bakin ƙofa cike da ruwan magani mai kalar zoɓo.

"Kowa ya tsoma ƙafa," in ji ta. "Efo Gameli har kai, hedimasta ma ƙafa gare shi."

"Daavi, ina ruwan?"

"Ya tafi hutu."

"Kifin fa?"

"Ga ni."

Ta raba musu sabbin gorar fatsa da sabon zare, ba ƙugiya, sai tsumma ɗaure a baki. Ta zura dogon takalmin roba ta ɗau lema ta gangara cikin ramin. Ta ce kowa ya jefa. Suka kalli juna. Efo Gameli ya ce shi da ya koyar da yara shekara talatin ba zai yi wannan haukan ba, yana faɗa yana jefawa. Daavi ta yi ta zagaya a hankali tana shinshina tsummokara, ta wuce wannan ta dawo, ta ɗan taɓa na wancan da yatsa ta gudu, can sai ta cafke na Efo Gameli ta fizga. Kai! Tsohon nan ya miƙe tsaye yana ihu, "Ya ci! Ya ci! Ku ba ni wuri!" Suka yi ta ja minti goma, ta sake, ya faɗi zaune cikin kujera yana haki ya ce wannan ya kai kilo ashirin, bai taɓa jin irinsa ba, ƙarfinsa duk a wutsiya yake.

Shi ke nan fa. Duk Asabar haka. Wanda ya tsoma ƙafa da kyau kifi ya ci nasa, wanda ya tsallake baho ya wuni yana kallon tsumma. Ƙafafunsu suka rine har matan suka fara tambaya wace irin ƙungiya ce wannan. Tsofaffin suna musu a kan kifin da ya kuɓuce, wani ya ce tarwaɗa ce wani ya ce giwan ruwa, alhali ga Daavi nan tsaye ƙasa tana cin gyaɗa tana jinsu.

Efo Tsatsu ne kawai ba a ci nasa ba. Daavi ta lura duk shigowarsa yana satar kallon bayan kicin, ga wani abu kumbure a aljihunsa, ta ce sai ya fito da shi. Ya ce maganin hawan jini ne. Ta ce maganin hawan jini ba ya da ƙugiya.

Asabar ta huɗu abokan suka sa shi gaba.

"Tsatsu, a ruwa ba ka kama ba, a tudu ma ba ka kama ba. Sai dai a gwada ka a sama."

"Ku bar shi, ko kwaɗon ne ya tafi biso."

Efo Tsatsu ya miƙe. Ya ajiye gorarsa a kan kujera ya ce zai zagaya. Daavi tana tsakiyar rami ta ɗaga lema ta hango shi, ba hanyar ban ɗaki ya bi ba, yana tafiya yana warware tsohon zaren nan da aka ce a ƙone, ya nufi kandamin ƙananan. Ramin nan hawansa minti uku ne ga mai jikin Daavi, shi kuwa saura taku goma.

Ta yar da lema ta ruga ta damƙi tsummansa ta naɗe a hannu ta zura da gudu. Gora ta yi tsalle daga kujera ta bi ƙasa.

"Tsatsu! Gorarka tana tafiya!"

"Tsatsu, uban kifi ne, wallahi ba mu taɓa gani ba!"

Ya tsaya hannu a sama, ƙugiya tana lilo a kan ruwan ƙananan. Ya waiga. Ya ga gorarsa ta kusa faɗawa rami. Ya jefar da tsohon zaren a ciyawa ya kwaso gudu, mutum mai shekara saba'in da biyu, ya yi sufa ya kama gindin gorar. Nan aka fara. Daavi ta yi gabas ya bi, ta yi yamma ya bi, ta kwanta a gindin rami ta yi lamo, abokai suna ta ba da shawara, sassauta masa, kar ka sassauta, gajiyar da shi. Minti arba'in! Ta san in ta sake shi yau zai koma bayan kicin, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta bari ya jawo ta. Taku taku har baki, mutum biyar suka kama hannuwa suka fito da ita duk ta yi fari da ƙura.

"Doka doka ce," in ji Efo Gameli, ya jawo sikelin buhu daga kicin. Kilo tasa'in da huɗu. Efo Tsatsu ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Daavi tana kan sikeli ta miƙa hannu ta ce, "Zaren." Da kansa ya je ya ɗauko ya cusa a murhu, ya wanke hannu a baho har gwiwar hannu.

Suna cikin mayar da ita rami a hankali, don ai dole a mayar, sai ga babur ɗin Amenyo. Ya tsaya ya kalli tsofaffi shida masu jajayen ƙafafu suna zura mace a busasshen rami. Bai tambayi komai ba. Ya je ya duba ƙananan ya dawo ya ce ko ɗaya bai kamu ba, duk yankin nan ita kaɗai ta tsira da nata, ko me take yi ta ci gaba.

Yanzu ruwa ya dawo, an juye ƙananan suna ta girma, sai dai tsofaffin sun lalace. A kamo kifi lafiyayye mai sheƙi su taɓe baki, Efo Tsatsu ya ce shi bai saba da ƙananan abubuwa ba. Suka ce wai Daavi ta shiga ruwan su kama ta, ita kuwa ba ta iya iyo ba, ta ce duk wanda ya sake faɗa sai ta tsoma kansa a baho. Suna nan suna gyangyaɗi, kifi na cin tsutsa a banza.

Don Allah ku tura wa duk wanda kuka san yana son fatsa kuma kifi rabin kilo ya ishe shi. Asabar ne, kar ya zo da zarensa, kuma ya zo da ƙafar da ba ya jin kunyar ta rine.