Kwalin Sabulu a Durowar Inna

Ƙanshin lemun tsami ke fara zo mini duk lokacin da na tuna ranar. Ba na lemun gaske ba, na sabulun wanki ne, wanda ya kama jikin kwalin da na roƙo wurin mai kantin layinmu a Tawa.

Hutuna na farko ke nan daga jami'a a Yamai, na dawo ina ganin aibin komai na gida. Durowar Inna ta madafi ta fi tsone mini ido. Citta, kanumfari, masoro, kimba, kowanne ƙulle cikin leda, sun cakuɗe da cokula da ashana. Inna takan zura hannu ba tare da ta duba ba, ta fito da abin da take nema. Ni kuwa so nake ta ce, ko da sau ɗaya ne, karatuna ya yi wa gidan nan amfani.

Na wuni ina yayyanka kwali da almakashi. Na raba durowar gida-gida, na kwance ƙulle-ƙullen na juye kowane yaji a nasa gurbin, na rubuta sunansa da Hausa da Faransanci, har da ɗan zanen fure. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce ai yanzu kimba ma ta sami ɗaki, saura a ja mata lantarki. Na ɗauka yabo ne.

Bayan kwana huɗu Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga Kalfu. Inna ta daka mata fura da citta da kanumfarin sabuwar durowa. Gwaggo ta kurɓa, ta ajiye ludayi a hankali, ta dube ni.

"Ɗiyata, furar birni ke nan? Sha za mu yi, ko wanki?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce laifinta ne, ƙwaryar ce ba ta ɗauraye da kyau ba. Gwaggo ta ce tun Inna tana amarya ta santa, ba ta taɓa ganin kumfa a ƙwaryarta ba, amma dai tsufa ba ya sallama. Suka yi dariya, ni ma na taya su, hankalina ya kwanta. Daga ranar fura ta dawo daidai. Na koma makaranta ina ba ƙawayena labari, har waƙa na rubuta wa durowar.

Sai da na yi nawa madafin, ina cigiyar kwali, Gwaggo ta faɗa mini. Ashe tun ranar da Gwaggon ta zo, Inna ta sayo sabon yaji, ta ƙulle a leda, ta ɓoye cikin tsohuwar tukunya bayan randa. Na durowa bai sake shiga girki ba. In hutuna ya kusa, sai ta kaɗe masa ƙura, ta ɗan rage daga kowane gurbi, don in ga kamar ana ɗiba.