Ranar da Baba Ya Yi wa Dubai Bayanin Rufe Ruwa

Wata abokiyar aikina 'yar Filifin ce ta ja ni taron, a wani ɗaki a Bur Dubai. Masu son kare teku ne, kuma ba su da malami, kowane mako ɗaya daga cikinsu ke jagoranta. Na je ne don shayi, ba zan ɓoye ba. Bakina da ba ya shiru ya ja mini: na ce ai hana kamun kifi a wani yanki ba sabon abu ba ne, mahaifina sarkin ruwa ne, shi ke rufe tafkin garinmu har kifi ya hayayyafa. Nan take suka ce mako mai zuwa nawa ne.

Alhali tafkin ya daɗe da mutuwa, ciyawar kacala ta cinye shi. Tun daga lokacin Baba ya zama mai zaman zaure, ba mai tambayarsa komai. Da na kira shi na ba shi labari, ya ce, "Ke me kika sani? Ni zan faɗa musu da bakina."

Ranar ya sa babbar riga. Inna ta riƙe masa waya a bakin makarantar firamare, inda sabis ke kamawa, ni kuma ina fassara. Ya fara da yadda ake kafa sanda a gaɓa, alamar an rufe ruwa. Ko rabi bai kai ba hoton ya daskare, layi ya yanke. Na yi ta kira, shiru. Na ƙarasa da ɗan abin da na tuna, aka tafa mini don kara. Haushi ya ishe ni.

Da yamma Inna ta same ni a waya. Ta ce ta ga wayar ta yi duhu, amma ta kasa tsayar da shi. Haka ya yi ta bayani har ƙarshe, ya lissafo kifayen da babu su yanzu, har waƙar masunta ya yi.

"Rabon da in ji muryarsa haka, tun ruwa na nan," in ji ta.

Sai Baba ya karɓi wayar.

"Uwata, na ga sun yi tsit. Sun gane kuwa?"

Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, hawaye na zuba. Na ce sun gane, Baba.

"To madalla. Ki ce akwai saura, in sun shirya su kira ni."