Ramin da 'Yata Ta Haƙa

Ni dai har yau ban gane abin da zai sa mutum da hankalinsa ya hau dutse cikin dusar ƙanƙara don kawai ya sulalo ƙasa ba. Amma autata, wadda aka haifa mini a nan Germantown inda muke zaman ƙetare, ta mayar da abin kamar ibada tun da aiki ya kai ta jihar Colorado. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Ta ce, "Abba, zo ka gani da idonka." Na je.

Daji ne fetal, babu kowa sai mu biyu. Muka ɗaura katakon sululu a ƙafa, muka yi ta jan jiki sama, ina haki ina zagin kaina da na biye mata.

A gindin wani gangare ta fiddo shebur. Wai sai ta duba ko ƙanƙarar za ta iya zaftarewa ta binne mutum. Ta haƙa rami mai kusurwa huɗu, ta shiga har ƙirji, tana shafe bangonsa da hannu. A can gida na sha shiga irin wannan ramin ina karɓar gawa.

Na ce, "Mamana, fito daga nan."

Ta yi dariya, ta ci gaba da bubbuga ƙanƙarar da bayan shebur.

Da ta gama ta ce saura ni. Kowannenmu na rataye da 'yar na'ura mai ƙara, da ita ake neman wanda ƙanƙara ta rufe. Ta sa tata a jaka, ta ce in juya baya, ta binne jakar.

"Ni ce a ƙasa, Abba. Nemo ni."

Wallahi na nema. Tawa na'urar tana ta kuka, ina zagaye wuri ɗaya. Na tona nan, babu. Na tona can, babu. Sanda na ciro jakar gumi ya jiƙa ni sharkaf, ita kuwa ta daɗe da daina dariya.

Na ce, "Na makara, ko?"

Ta karɓi jakar tana kakkaɓewa. Ta ce, "Mu sauka, Abba. Yau ba za mu hau ba."

Har yanzu tana zuwa hawan dutsen tare da ƙawayenta, kuma tsoro bai bar ni ba. Duk ranar da ƙanƙara ta sauka a Germantown na fita share ƙofar gida, sai in tsinci kaina ina tono da sauri, numfashi sama-sama. Na san babu kowa a ƙasa, amma ba na iya tsayawa sai shebur ya daki kwalta.