Awadiyya da Gawar da Muka Yi Saurin Binnewa

Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, tana shara da wanki a gidajen unguwar Dokki. Mijinta Muhammadu tare muke dako a Wustul Balad, tsakiyar birni. A 2011 'yan sanda suka kama shi a bakin tashar jirgin metro kan takardar zama. Da ƙafarsa ya tafi. Bayan kwana uku aka kira mu karɓar gawa.

Suka ce ko mu sa hannu mu ɗauke shi a ranar, ko mu jira likitan binciken gawa, mako guda ko fiye. Ɗanmalam, ɗalibin da ke jan mu salla, ya ce, "Haba jama'a, a bar Musulmi cikin firji, sannan a farke shi? Khalas, shi ke nan, a kai shi makwancinsa." Muka sa hannu. Kafin la'asar mun rufe shi.

Ni na yi masa wanka. Na ga haƙarƙarinsa ya lotsa, na ga shatin igiya a wuyan hannunsa. Amma mun tashi da sanin cewa mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Na ja bakina.

Abu ɗaya Awadiyya take so: kotu ta kira sunan jami'in da ya tsare shi, ta ɗora masa alhakin ransa. Tana fita takaba ta nemi lauya. Gidaje biyu suka sallame ta saboda fashin aiki ranakun zaman kotu. Ba ta fasa ba.

Da na ga yadda ta rame, na faɗa mata abin da na gani a jikinsa.

"Abakar, shekara biyu kana shan shayina da wannan magana a cikinka?"

"Ma'alish, Yaya, ki yi haƙuri."

"Riƙe ma'alish ɗinka. Ka zo kotu."

Na je na faɗa. Lauyan jami'in ya tambaye ni a wace jami'a na karanci aikin likita. Na ce ni ɗan dako ne. Aka yi dariya.

A 2015 babbar kotu ta yanke hukunci: babu rahoton likita, mutanensa sun karɓi gawa da sa hannunsu, saboda haka babu laifi a kan jami'in.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi lauyanta ko akwai wata kotu sama da wannan, ya ce babu. Ta gyara mayafi, ta ce ana jiran ta a Dokki ƙarfe biyu. Tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba, ni kuma ban ga laifinta ba.