Wayar da Aka Tono a Rami

Bayan an share makokin yayana, abokan aikinsa na haƙar zinariya suka kawo mana wayarsa daga wajen Sunke. A aljihunsa aka same ta ranar da rami ya rufta da shi. In an kunna ta, sai ta tsaya cak a hoton farko, ba gaba ba baya. Inna ba ta damu da hotuna ba. Muryarsa take so, don yana da ɗabi'ar ɗaukar kansa yana rera waƙoƙin banza, mu kuwa mu yi ta yi masa tsiya.

Ranar kasuwar Gummi na kai wayar wurin wani mai gyaran waya, mutum mai magana kamar ana karɓar haraji a kan kowace kalma. Ya buɗe bayanta, jar ƙasa ta zubo kan teburinsa. Ya dube ni, bai tambaya ba.

"Kamfani ya daina yi ma wagga waya manhaja," in ji shi. "Sai wadda masana sunka haɗa da kansu, kuma iri biyu gare ni. Guda mai sauƙi ta, wayar za ta koma sabuwa, amma sai an wanke komi. Gudar kuwa bisa tsohuwar aka aza ta, ba a taɓa kayan ciki. Sai dai tana hauka, kuma ba ta daɗewa."

"Wane irin hauka?"

"Ka dai gani."

Raina ya ɓaci, na tsani a yi min rowar bayani. Gaskiya kuma na yi kwaɗayin ta farkon, don tawa wayar ta tsufa. Amma da wane ido zan dubi Inna? Na ce ya aza ta biyun.

Ya jona ta da kwamfuta. Wani koren layi ya riƙa tafiya a hankali. Rana tsaka ce, kasuwa ta cika maƙil, amma ni sanyi nake ji a bayan wuyana. Da wayar ta farka, kwanan watan da ke fuskarta na ranar da ya shiga ramin ne. Mai gyara ya gyara kwanan watan, wayar ta mutu ta dawo, ta sake komawa ranar.

Sai tawa wayar ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya ne, da sunan yayana a kai, ga tasa kuwa kwance a gabana babu mai taɓa ta. Tsigar jikina ta tashi. Mai gyara ya ce a hankali, babu sabis a ramuka, saƙon ya maƙale ne tun ranar, yanzu ya samu hanya. Na gane bayaninsa sarai, na biya shi na karɓi wayar.

Ban saurara ba sai da na isa gida. Inna tana bakin murhu, na zauna kusa da ita na danna. Aka ji bugun diga, da numfashi mai nauyi, sannan muryarsa, cike da dariya: "Kai, ka ce ma Inna ta aje min tuwona, yanzu nika hitowa."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko kwano, ta zuba tuwo, ta rufe da faifai ta ajiye a ƙofar ɗakinsa. Ban iya hana ta ba.